Hanyar zama farfesa a fannin ra'in ƙididdiga: abin da na tarar a kowane ofis a Zariya

Matakan aikin koyarwa a jami'o'in Nijeriya bakwai ne, kuma a kansu aka tsara albashin CONUASS: malami mai digirin farko yana mataki na 1, sai mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, rida (wato mataimakin farfesa), farfesa kuma yana mataki na 7. Har zuwa babban lakcara a cikin gida ake yanke hukunci a kanka. Daga rida zuwa sama kuwa sai an aika ayyukanka waje, wasu farfesoshi da ba za a taɓa gaya maka sunansu ba sun karanta sun sa hannu. Nan ne mutanen lissafi da ƙididdiga suke rikicewa, domin fayil ɗaya ne zai biya ta hannun masu karatu iri biyu. Na cikin gida kamar mai awon hatsi ne, mudu yake ƙirgawa, ba ya zuba hannu ƙasan buhu ya ga ko akwai ƙwari. Na waje kuwa buɗe muƙalar zai yi ya bi hujjarka layi-layi. Na bi wannan hanya a nan Zariya, da farko don rida, daga baya don farfesa, kuma matakan ba su sake ba, sai dai nauyin ya ƙaru. Ta biyun zan bayar da labari.

Abin yana farawa da sanarwa daga ofishin magatakarda. Takardar ta sauka a tsangaya, shugaban tsangaya ya tura wa shugabannin sassa, aka manna a allo cewa an buɗe karɓar fom na ƙarin girma na shekarar. Wa'adin 'yan makonni ne kawai, don haka wanda sai a lokacin zai fara neman kwafin muƙalunsa ya riga ya makara. Tun kafin sanarwar na je sashen manyan ma'aikata a ofishin magatakarda na nemi kundin ƙa'idojin naɗi da ƙarin girma, bugun da ake aiki da shi. Ana yi wa kundin nan gyara lokaci-lokaci, kuma kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa tsoho ne. A cikinsa aka rubuta mafi ƙarancin zama a mataki, wato shekara uku, kuma daga ranar da ƙarin girmanka na baya ya fara aiki ake ƙirgawa, galibi 1 ga Oktoba, ba daga ranar da wasiƙa ta iso hannunka ba. A ciki kuma akwai jadawalin maki: muƙalar mujalla ta fi ta taron ƙara wa juna sani, wadda ka rubuta kai kaɗai ta fi wadda kuka raba da mutum huɗu, akwai iyakar yawan da za a karɓa daga mujalla ɗaya, akwai kuma kason da dole ya fito daga mujallun ƙasashen waje. Na zauna da fensir na yi wa kaina maki bisa jadawalin, ina rage wa kaina duk inda akwai shakka, domin kwamiti ma ragewa zai yi.

Takardun da na haɗa su ne: fom ɗin tantance aiki na kowace shekara daga cikin ukun, da sa hannun shugaban sashe, tarihin aiki a tsarin da jami'a ta shimfiɗa, ba wanda ka saba aika wa taruka ba, wasiƙar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe, shaidar digiri na uku, jerin kwasa-kwasan da na koyar zango-zango, da shaidar ayyukan gudanarwa kamar riƙon jarrabawar sashe. Wanda ya fi cin lokaci shi ne shaidar duba ɗalibai. Faɗar cewa ka yaye ɗaliban digiri na biyu da na uku ba ta wadatarwa, sai da wasiƙar makarantar karatun gaba da digiri wadda ta naɗa ka mai dubawa, da shafin sa hannu na kundin kowane ɗalibi, inda zai nuna ko kai ne babban mai dubawa ko ɗan kwamiti. Na zauna a benci a ofishin da safe, magatakardan ya ce, "Yallaɓai, fayilolin wannan shekarar suna sito, sai dai ka ba ni lambobin rajistar ɗaliban." Da lambobin rajista a hannu aikin yini ne. Ba tare da su ba, mako guda ma yana iya shigewa. Jerin muƙalu kuma kashi biyu ake raba shi, na kafin ƙarin girma na ƙarshe da na bayansa, kowace da bangon mujalla, shafin abubuwan ciki, sunayen editoci da lambar DOI, wato lambar shaidar muƙala a intanet. Wadda aka karɓa ba a buga ba sai da wasiƙar edita. Abin da ka ɗora a arXiv, rumbun intanet na muƙalun da ba a kai ga bugawa ba, ba shi da maki, ko da yake yana kare maka haƙƙin cewa kai ka fara kawo sakamakon.

A nan ne mai aikin ra'i yake jin a jikinsa. Abokin aikinka da ke nazarin bayanan asibiti ko na gona zai iya fitar da muƙalu da yawa a lokacin da kai kake fama da lema guda ɗaya, wato ƙaramin sakamakon lissafi da ake gina babba a kansa, kuma mujallun ra'i kan riƙe aiki wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin masu bita su amsa. Jadawalin maki bai san wannan ba. Maganin da na gani shi ne kada tebur ya zama babu komai: ɗaya tana wajen masu bita, ɗaya ana gyara ta, ɗaya ana rubuta ta. Ta fuskar kuɗi, mujallun da ake karantawa kyauta sukan caji marubuci daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 wannan ya fi ƙarfin albashin malami. Amma tsofaffin mujallun fannin irin su Metrika, Statistics and Probability Letters da Communications in Statistics ba sa tilasta maka wannan kuɗi idan ka zaɓi bugun da mai karatu ne yake biyan kuɗin rajista. Waɗanda ya kamata a guje wa su ne masu aiko saƙon imel da alƙawarin bugu cikin kwana goma. Jerin da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, yake ajiyewa na irin waɗannan mujallu ya rufe shi a Janairun 2017, don haka yanzu kai za ka bincika da kanka: duba ko mujallar tana cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, a shekarar da za ka buga, domin ana cire wasu, ka duba rumbunan muƙalun lissafi, wato MathSciNet da zbMATH wanda aka buɗe kyauta tun 2021.

Kwamitin sashe shi ne tsayawa ta farko, farfesoshin sashe ne da shugaban sashe, kai kuma kana waje. Bayan zaman shugaban ya kira ni ofis, ya ce, "Malam, makinka ya isa. Amma waɗannan muƙalu na sababbin rarrabuwa da ka sa hannu da ɗalibai, ka tabbata kana so su tafi waje?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wacce daga ciki?" Ya ce duk wadda ba zan iya kare ta a allo ba. Tambaya ce da ya kamata kowa a fanninmu ya yi wa kansa. Rarrabuwa ita ce tsarin lissafi da ke nuna yiwuwar kowane sakamako, faramita kuma lambar da ke saita siffarta. Tun bayan da Marshall da Olkin suka kawo hanyar ƙara faramita a 1997, sai Eugene, Lee da Famoye suka kawo ta beta a 2002, sai Alzaatreh, Lee da Famoye suka faɗaɗa ta a 2013, ƙirƙirar sabuwar rarrabuwa ta zama hanya mafi sauƙi ta cika jadawali. Aikin asalin mai kyau ne. Abin da ya biyo baya ne ya lalace: a ɗauki tsohuwar rarrabuwa, a cusa ta cikin ɗaya daga waɗannan hanyoyi, a fitar da lissafin da kowa ya sani, a gwada ta a kan bayanan nan da kowa ke gwadawa, ƙarfin zaren gilashi 63, ko marasa lafiyar mafitsara 128, ko ɓerayen masar 72, a ce ta fi saura. Ga inda take karyewa. Ɗauki rarrabuwar Weibull, wadda yiwuwar wuce x a cikinta ita ce exp(−(x/σ)^k). Ka ɗaga wannan zuwa ƙarfin b, ka ce ka ƙara faramita. Abin da ka samu shi ne exp(−b(x/σ)^k), wato Weibull ɗin ce dai da wani sabon σ. Bayanai ba za su taɓa iya raba b da σ ba. A kwamfuta alamar a fili take: ka sauya wurin farawa a manhajar R, ƙiyasin b da σ su sauya gaba ɗaya alhali ƙimar yiwuwa tana nan daram, jadawalin Hessian da ake lissafa kuskure da shi ya ƙi juyuwa, kuskuren ƙiyasi ya fito NaN, wato babu lamba. Kwamitin gida zai ba wannan muƙala cikakken maki. Mai tantancewa na waje zai gan ta cikin minti biyar, kuma daga nan da wannan ido zai karanta sauran. Na koma na bi kowace da takarda da alƙalami, na tabbatar faramitocin suna rarrabuwa, sannan na mayar da fayil.

Wata takarda da mutane ke rainawa ita ce taƙaitaccen bayanin gudummawa, shafi biyu zuwa uku da ke gaban kundin. A ganina ita ce mafi muhimmanci, domin ita ke nuna wa baƙo cewa aikinka zare ɗaya ne ba tarkace ba. Nawa zaren shi ne ƙiyasi a inda sharuɗɗan daidaito suka karye. Tun muƙalar Fisher ta 1922 da iyakar da Rao ya kawo a 1945, Cramér kuma a 1946, ɗalibi yana tasowa da cewa ƙiyasin mafi girman yiwuwa yana bin rarrabuwar Gauss idan samfuri ya yi yawa, kuma warwatsuwarsa ba ta sauka ƙasa da wannan iyaka ta Rao da Cramér. Wannan gaskiya ne muddin faɗin filin da bayanai ke iya faɗawa a ciki bai rataya a kan faramitar ba. Misalin da nake ba ɗalibai shi ne lambobi n da aka zaɓo bai ɗaya tsakanin 0 da θ. Ƙiyasin shi ne lamba mafi girma, a gyara karkatarsa ta hanyar ninka shi da (n+1)/n, warwatsuwarsa ta zama θ²/(n(n+2)). Wanda ya yi amfani da iyakar Rao da Cramér ido rufe zai samu θ²/n, sai ya ga ƙiyasin ya yi ƙasa da abin da aka ce ba a saukowa ƙasansa. Ba tiyoram ɗin, wato ƙa'idar da aka tabbatar da hujja, ne ya yi kuskure ba, sharaɗinsa ne bai cika ba. Haka yake a Weibull mai faramita uku: Richard Smith ya nuna a Biometrika a 1985 cewa idan faramitar siffa ta haura 2 komai yana tafiya yadda aka saba, tsakanin 1 da 2 ƙiyasin yana nan amma ba ya bin tsarin da aka saba, ƙasa da 1 kuwa hanyar ma ba ta bayar da amsa mai ma'ana. Wannan ba wasan allo ba ne ga mai nazarin mamakon ruwan sama mafi girma na kowace shekara, irin bayanan da aka daɗe ana tarawa a Samaru, domin rarrabuwar matuƙa, wadda ake nazarin irin waɗannan mafi girman lambobi da ita, ma tana da iyakar da ke motsi da faramita. A bayanin nawa na kasa muƙalun gida uku, na faɗi tambayar kowane gida, abin da aka sani kafin ni, da tiyoram ɗin da na ƙara, da lambar muƙala da shafi.

Kwamitin tsangaya ya fi faɗi, akwai masana sinadarai, masana halittu, masana kwamfuta. Su abin da suke dubawa shi ne bin ƙa'ida, kuma al'adar fanninsu suke aunawa da ita. Abu biyu suka taso a kaina. Na farko jerin sunayen marubuta: a wasu mujallun lissafi bisa haruffa ake jera suna, a wajensu kuwa na farko shi ne mai aikin. Wasiƙa gajera daga abokin rubutu, mai fayyace abin da kowa ya yi, ta warware wannan. Na biyu gajerun muƙalu. Muƙala mai shafi shida a mujallar ra'i cikakken aiki ce, amma wanda ya saba da shafi ashirin na gwaje-gwaje yana iya ɗaukarta tsokaci ya rage mata maki. Shugaban sashenka ne zai tsaya maka a ɗakin, don haka ka ba shi hujja a rubuce tun kafin zaman. Daga tsangaya fayil ya wuce babban kwamitin naɗi da ƙarin girma, wanda shugaban jami'a ke jagoranta. Shi ba ya ba ka muƙami a wannan zama. Abin da yake cewa kawai shi ne akwai hujjar da ta isa a aika ayyukanka waje. Mutane sukan fara yi maka murna suna kiranka Farfesa tun daga nan, har a masallaci. Yana da daɗin ji, amma kada ka buga kati ko ka sauya allon ƙofa.

Bayan wannan amincewar aka nemi in kawo muƙalun a ɗaure, kwafi na kowane mai tantancewa da na ajiya. Kuɗin daga aljihunka yake fita. Shagunan buga takardu na Samaru sun san aikin, amma lissafi yana da nasa sharri: idan aka yi hoton kwafi daga kwafi, ƙananan alamomin ƙasa da sama suna shafewa, θ mai hula ta koma θ marar hula, hujja ta zama shirme. Ka buga kai tsaye daga fayil ɗin PDF na mujallar, a fari da baƙi mai kauri, ka duba shafi-shafi kafin a ɗaure, ka sa takarda mai launi da lamba tsakanin kowace muƙala, lambar ta dace da ta jerin da ke gaba. Ana kuma neman kwafin lantarki, fayil ɗaya a jere iri ɗaya. Sunayen masu tantancewa ba kai ke bayarwa ba. Shugaban tsangaya da shawarar sashe yake miƙa jerin farfesoshin fannin a asirce, shugaban jami'a ya zaɓi uku, kuma ana buƙatar rahoto mai kyau daga biyu. Abin da kake da iko a kansa shi ne yadda aka rubuta fanninka a fom. Idan ka rubuta "ƙididdiga" kawai, ana iya aika aikinka ga masanin ƙidayar jama'a ko na tsarin gwajin gona, mutumin kirki amma wanda zai ajiye kundin a gefe saboda ba ruwansa da tiyoram. Rubuta shi a fayyace: ra'in ƙididdiga, ɓangaren ƙiyasi da rarrabuwar matuƙa.

Sai jira, kuma shi ne mafi wuya, domin babu ofishin da za ka je ka tura abin gaba. Farfesoshin ra'in ƙididdiga ba su da yawa a ƙasar, waɗanda ake da su kuma kundaye sun taru a teburinsu. Wani ya amsa da wuri, wani sai an tuna masa, wani ya yi shiru har a sauya shi da wani, a sake ƙirga daga farko. Fayil ɗina yana hanya yajin aikin ASUU na 2022 ya faɗo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ma'aikatan ofis ma suka yi nasu na wasu watanni, komai ya tsaya cak. Waɗanda suka biyo bayana sun gamu da wani tsaikon, domin an rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya a Yunin 2023, sababbi ba su zauna ba sai a 2024, kuma majalisar ce ke da kalmar ƙarshe a kan rida da farfesa. A wannan lokaci zuciya takan yi ta saƙe-saƙe, ka ga wanda kuka miƙa tare ya samu wasiƙa, ka fara tunanin ko an samu rahoto marar kyau. Sau da yawa ba haka ba ne, nasa masu tantancewar ne suka fi sauri. Abin da ya halatta shi ne ka tambayi jami'in da ke riƙe da fayilolin ko rahoto nawa suka dawo, cikin ladabi, ba kullum ba. Neman sanin su wane ne, ko aika ɗan saƙo ga wanda kake zato, laifi ne da zai iya rushe komai. Ni aikin da na yi shi ne ci gaba da rubutu, domin idan rahoto ya zo da matsala, sababbin muƙalu ne za su ba ka damar sake miƙawa ba tare da ɓata wata shekara ba.

Da rahotanni suka cika, fayil ya koma babban kwamiti, daga nan zuwa majalisar gudanarwa, sannan wasiƙa ta fito daga magatakarda. Ranar fara aikin muƙamin tana komawa baya zuwa shekarar da ka miƙa, don haka jinkirin ba ya cinye maka girma, sai dai kuɗin bambancin albashi ba ya zuwa da kansa. Na kai kwafin wasiƙar ofishin ma'aji, sashen albashi, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kwafin da na riƙe, na kuma duba takardar albashi ta wata mai zuwa don in ga mataki ya koma 7. Bashin baya yana ɗaukar lokaci fiye da gyaran matakin. Ba a ba ka rahoton masu tantancewa, amma shugaban tsangaya ya gutsura mini abin da ya shafi aiki: muƙalun da ɗayansu ya tsaya a kai su ne gajerun nan na ra'i da kwamitin gida ya so ya rage wa maki, ya kuma yi tambaya a kan dalilin da ya sa gwajin kwaikwayo a kwamfuta na wata muƙala ya tsaya a samfuri 100, alhali da'awar ta manyan samfura ce. Tambayar tana kan hanya. Tun daga nan nake sa ɗalibaina su kai gwajin zuwa dubbai, su nuna kuskuren ƙiyasi yana raguwa da saurin da tiyoram ya faɗa, su kuma rubuta yawan maimaitawa da lambar farawa ta injin zaɓe don wani ya iya sake gwajin.

Abin da ya rage shi ne laccar kama aiki, wadda ake sa ran kowane farfesa ya gabatar a gaban jama'a. Layi ake bi a kwamitin laccocin, don haka ka rubuta sunanka da wuri, ka tanadi kuɗin buga ɗan littafin da ake rabawa. Masu sauraro iyalinka ne da mutanen unguwa daga Tudun Wada ko cikin birni da malaman wasu fannoni, lissafi uku ko huɗu a allo sun isa, sauran ka yi bayani da ruwan sama da madatsar ruwa. Farfesa yana ritaya a shekara 70 bisa dokar 2012, kuma ba da daɗewa ba za a fara aiko maka kundayen wasu daga wasu jami'o'i, da wasiƙar sirri da wa'adin mayar da rahoto.